Maƙoƙon Da Na Hana A Tsaga

Assalamu alaikum ma'aikatan wannan mujalla da masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi, wani in tausaya, wani in taɓe baki in ce ai shi ya jawo wa kansa. Yau ga ni a layi. Ba zan faɗi sunana ko na kowa ba, ina roƙon ku buga shi yadda na rubuto. A lokacin da abin nan ya fara, ni malamar lekol ce a nan Damagaram, ina koyar da 'yan ƙananan aji, ina da aure da 'ya'ya mata biyu. Duk wanda ya san ni a lokacin, da baki ya san ni. Allah ya zuba mini surutu da iya kwaikwayon mutane. Idan na shiga ɗakin malamai na fara kwaikwayon tafiyar darakta da yadda yake gyaran murya kafin ya yi faɗa, har da masu riƙe ciki. Ban taɓa ɗaukar muryata a matsayin wata dukiya ba, abu ne da na tashi na gan ni da shi kamar hannu da ƙafa.

Ni haifaffiyar Kara-Kara ce. Wanda ya san garin nan ya san abin da hakan ke nufi. Wanda bai sani ba kuwa, unguwa ce da tun asali aka tara kutare da sauran waɗanda gari ba ya son gani. Babana kuturu ne. Yana saurayi ciwon ya fito masa a wani ƙauye na wajen Damagaram Takaya, danginsa suka rako shi nan suka juya. An yi masa magani ya warke tun kafin a haife ni, amma ciwon ya riga ya ci yatsunsa, ya kashe masa jin hannu da ƙafa, daga baya ya haɗa da idanu. Ko ka riƙe hannunsa bai san ka riƙe ba. Kunne kawai ya rage masa a duniya, da shi yake gane kowa. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, ƙanwata ce ke zaune da shi. Ni kuma duk Juma'a bayan la'asar nakan hau kabu-kabu da kwanon tuwo in tafi wurinsa. Tun daga bayan darni nake rafka sallama, ya amsa yana dariya, ya ce ga mai labaru ta iso. In zauna in kwashe masa duk abin da ya faru a gari, wa ya yi aure, wa aka kora daga aiki, ina yi ina kwaikwayon muryoyinsu, shi kuma yana ƙyaƙyatawa har tari ya sarƙe shi. Ƙanwata takan ce duk mako ba ya dariya sai ranar. Abin da ke tsakanina da babana ke nan, ba gani, ba taɓawa, sai murya.

Mijina ɗan Birni ne, gidansu tsohon gidan fatauci, irin waɗanda ke lissafa kakanninsu har su gaji. Shi ya so ni da zuciya ɗaya, har yau ban da abin da zan ce a kansa. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Hajiya, ita ce ta kafe. Da ta ga ɗan ba zai janye ba, sai ta gindaya sharaɗi. Ranar sa lalle ta turo tsofaffi biyu daga danginta, suka shiga da ni ɗaki suka tuɓe ni, suka bi jikina gaba da baya a bakin taga inda haske yake. Duk inda suka ga fata ta ɗan yi haske, sai ɗaya ta rufe mini ido, ɗayar ta tsikara allura ta tambaye ni ko na ji. A waje ƙawayena na ta guɗa, ni ina ciki ina amsa cewa na ji. Na ci jarrabawar, amma a raina ban taɓa fita daga ɗakin nan ba. Kuma ni fatata irin wadda in ta ji ciwo take warkewa fari-fari ce kafin ta koma. Akwai lokacin da mai ya fallatsar mini a tsintsiyar hannu, wurin ya warke ya bar ɗan fari. Hajiya ta daina shan furar da na dama har sai da wurin ya yi duhu. Tun daga nan nake tsaron fatata kamar mai tsaron ƙwai.

Bayan na yaye 'yata ta biyu ne na lura da shi. Ina ɗaura ɗankwali gaban madubi na haɗiye yawu, sai na ga wani ɗan ƙulli a gindin wuyana ya hau ya sauka. Bai kai goro ba, ba ya ciwo. Na je likita aka yi mini hoton eko da awon jini, aka tura ni wurin wani lokotoro mai fiɗa, dattijo mai sanyin magana. Ya ce maƙoƙo ne, amma kamannin wannan ƙullin a hoto bai kwanta masa ba, gara a cire tun yana ƙarami a aika a bincika. Ya nuna mini da yatsa inda zai tsaga, a kan layin da ke wuyan kowa, ya ce da shekaru sai an lura za a gani. Ban tambaye shi me yake tsoro a cikin ƙullin ba. Tambaya ɗaya na yi, ko tabon zai yi fari. Ya ce zai iya yi na ɗan lokaci. Na yi godiya na tashi, a raina na ce ni da kai har abada.

Na san mai karatu zai ce ai kowa ya san bambancin tabon aiki da na kuturta. Ni ma na sani, da karatuna. Amma ni ban taɓa ganin an yi wa 'yar kuturu hukunci da sani ba. Abin da nake gani a idona shi ne farin layi kwance a wuyana, inda ba zane ba riga da ke rufewa a cikin gida, da Hajiya tana kallo, da matan dangi suna janye 'ya'yansu a wurin biki, da 'ya'yana mata da wata rana za a zo neman aurensu a ce ai uwar ma abin ya taɓa fito mata a wuya aka yanke. Na gwammace in zauna da ƙullina, shi dai kowa ya san sunansa, har a gidan sarauta ana yin maƙoƙo.

Ana nan sai wata abokiyar aikina, da na yi wa zancen, ta nuna mini wani bidiyo a wayarta. Wai yanzu a wasu ƙasashe ana cire maƙoƙo ba tare da an taɓa wuya ba. Ta cikin leɓen ƙasa ake yin 'yan ƙananan huji, ko ta hammata, a zura siririn bututu mai kyamara a baki, likita na kallon allo yana aiki, a zaro ƙullin ta can. Aka nuna wata mata bayan aikin tana juya wuya, sumul kamar ba a taɓa ta ba. Wallahi ranar ji na yi kamar don ni aka ƙirƙiro abin. Yayan abokiyar tawa yana Tunisiya yana yi wa marasa lafiyarmu tafinta, shi ya kai hotunana wurin wani likita a can. Amsar da ta dawo ita ce za a iya, tun da ƙullin ƙarami ne, amma in yi sauri, domin wannan hanya ta ƙaramin ƙulli ce, in ya girma ko ya kama abin da ke kusa da shi, ba ta yiwuwa. Rabin farko na amsar na riƙe, rabin ƙarshe na ajiye gefe.

Mijina ya yarda, ko da yake ya ce shi bai ga abin gudu a aikin likitan gida ba. Sai dai tafiya irin wannan ba a shirya ta rana ɗaya. Kafin a yi fasfo a Yamai bakansi, wato dogon hutun makaranta, ya wuce, na ce sai na gaba. Na gaba ya zo kasuwa ta juya wa mijina baya. Da ya farfaɗo sai aka shiga lokacin da fita ƙasar waje ta yi wuya ga kowa. Ana cikin haka na samu ciki na uku, aka ce ba a taɓa ni sai na haihu, na haihu aka ce sai yaro ya yi ƙwari. Duk tsawon wannan lokaci dattijon lokotoron nan yana nan cikin gari, kabu-kabu ɗaya ne tsakanina da shi. Na taɓa haɗuwa da shi a wurin wata gaisuwar mutuwa, muka gaisa, idonsa ya sauka a wuyana, ya ce har yanzu yana jirana. Na ja mayafi na ce ina nan tafe. Ƙullin kuwa ya wuce goro ya doshi lemun tsami, ya yi tauri, ya daina hawa da sauka yadda ya saba.

Babana ne ya fara jin canjin, tun kafin ni kaina in yarda da shi. Wata Juma'a ina tsakiyar kwaikwayon wata maƙwabciyarmu, sai na ga bai yi dariya ba. Ya ce in sake faɗin abin da na faɗa, na sake. Ya ce muryata ta yi ƙasa-ƙasa, kamar an ɗora mata wani abu, kuma ba yau ya fara ji ba. Na ce ƙurar alli ce da ihun yara. Ya ce ƙanwata ta gaya masa zancen wuyan, in ji tsoron Allah in je a cire. Ya ce shi ma da ɗan tabo ɗaya ya fara a baya, ya yi ta ɓoyewa a cikin riga don kada 'yan garinsu su gani, da ya fito da wuri da yanzu da yatsunsa yake cin tuwon nan. Maimakon in saurara sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce masa ai shi ya fi kowa sanin abin da tabo ke jawo wa mutum, kuma ni ba zan bari a shiga da 'ya'yana ɗaki a tsikare su da allura saboda jinin da ba su suka zaɓa ba. Ban taɓa gaya masa zancen allurar nan ba sai ranar. Ya yi ta juya dungulmin hannunsa a kan gwiwa. Can ya ce to, in ci gaba da labarin maƙwabciyar. Na ci gaba, ya yi dariyar da ni da shi muka san ta ƙarfin hali ce.

Daga nan abin ya yi ta gaba. Kafin a tashi tara muryata ta dishe, sai in koma buga tebur da sanda. Ruwa ya fara sarƙe ni. In na yi sauri kaɗan sai numfashina ya riƙa fito. Mijina ya tsorata, ya sayar da abin da zai sayar, muka kama hanyar Tunisiya. Juma'ar ƙarshe na ce wa babana ba zan daɗe ba, zan dawo masa da labarin Larabawa da kwaikwayonsu, ya sa mini albarka. A can aka sake hotuna, aka tsiki ƙullin da allura aka bincika. Likitan ya zaunar da mu, tafinta na fassara abin da Faransancina ya kasa ɗauka don ruɗewa. Ya ce ciwon daji ne, irin wanda in an kama da wuri ake rabuwa da shi lafiya. Ya ce ya riga ya nannaɗe jijiyar murya ta gefe ɗaya ya kashe ta, yana kuma jingine da ɗayar. Zancen bututu ta leɓe ko ta hammata ya wuce tuntuni, dole a buɗe wuyan sosai a kwashe har da 'yan ƙulle-ƙullen gefe. Kun san abin da ya fito daga bakina? Tambaya na yi ko tabon zai yi tsawo. A nan ne mijina, wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya daka mini tsawa a gaban mutane, sannan ya fita waje ya yi kuka.

An yi aikin, kuma sun yi iyakar ƙoƙarinsu, raina dai sun cece shi da ikon Allah. Na farka da bututun numfashi a maƙogwaro, da ɗinki daga ƙarƙashin kunne ya zagayo har ɗaya gefen. Da aka cire bututun ya bar nasa tabon a ƙasan wancan. Na buɗe baki in kira mijina, sai iska kawai ta fito. Suka ce ɗayar jijiyar ta wahala wurin ɓanɓare ta, watakila ta farfaɗo, in yi haƙuri. Muka daɗe a can ana sauran magani, fiye da yadda muka yi zato nesa ba kusa ba. Jijiyar ba ta farfaɗo yadda ake so ba. Abin da ya rage mini har yau raɗa ce, wadda sai ɗaki ya yi tsit kuma mutum ya matso yake ji. Aji ya gagare ni, aka mayar da ni biro, wato ofis, ina jera takardu.

Da muka dawo gida, na shiga gaida Hajiya. Ta ce in buɗe ta gani, na buɗe. Tabon na nan fari tas, ga tsawo ga kauri, duk abin da na guda ya ninka. Ta dube shi, ta ce sannu, Allah ya sa kaffara ne, ta miƙo mini ruwa a kofin da take sha. Shi ke nan. Matan dangi suka yi ta zuwa da kwanonin abinci, ba wadda ta janye ɗanta, ba wadda ta ambaci Kara-Kara. Ban sani ba ko shekaru ne suka sanyaya su, ko kuwa tun farko ni ce na girmama abin a raina. Na so a ce ko mutum ɗaya ya yi mini gori, ko na samu abin da zan riƙe in ce ga dalilina.

Juma'a na zagayowa na ɗauki kwano na tafi. Ƙanwata ta tare ni a ƙofa ta ce in shirya, bayan tafiyata Baba ya yi zazzaɓi mai tsanani, ya tashi da nauyin kunne, kuma tunaninsa ya fara zuwa yana dawowa. Na same shi a kan tabarmarsa ya rame. Na durƙusa na sa baki a kunnensa na ce Baba ni ce. Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda, iska kawai ya ji. Na riƙe hannuwansa biyu na matse, bai san ina yi ba. Na kwantar da goshina a kafaɗarsa, sai ya janye jiki yana salati, ya tambayi wace baiwar Allah ce wannan. Ƙanwata ta ɗaga murya ta ce masa Yaya ce ta dawo, aikin da aka yi mata ne ya taɓa muryarta. Ya ce kada ta yi masa wasa da hankali don ta ga ya tsufa, 'yarsa tun daga bakin hanya ake jin ta. Ta maimaita ranar, ta maimaita wani makon, wani lokaci ya ce to kamar ya gane, can kuma ya tambaye ta yaushe zan zo.

Wata rana ƙanwata ta ce ta samo dabara. Ta lalubo wani tsohon saƙon murya da na taɓa tura mata, ta ƙure ƙarar wayar ta kara masa a kunne. Ina zaune a gefensa na ga fuskarsa ta washe. Ya kira ni da sunan da shi kaɗai ke kirana da shi, ya fara tambayar ya hanya, ya yara. Muryar cikin waya kuwa tana ta zuba zancen wani ɗinki da tela ya ɓata, tana dariya. Ya dakata ya saurara, ya yi dariya shi ma, sannan ya tambaya yaushe zan zo. Saƙon ya ƙare. Ya yi ta cewa alo, alo. Na tashi na shiga bayan ɗaki na yi kukan da ko shi ba ya fita, na kuma roƙe ta kada ta sake.

Yanzu ya yanke wa kansa hukunci. A wurinsa ni wata mata ce mai kirki, marar magana, wadda 'yarsa ke aikowa da tuwo duk Juma'a, don ya ce hannun miyar dai nata ne. Yakan gode mini da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo. Makon jiya bayan ya ci ya ce yana da saƙo in kai mata. Ya ce in gaya mata bai riƙe ta a rai ba ko kaɗan. Ya ce tun tana goye yake roƙon Allah ya fitar da ita daga unguwar nan ya sa ta cikin mutane, kuma ga shi an amsa masa, ba zai zama shi ne mai jawo ta baya ba. Abu ɗaya yake roƙo, in shigowar ce take jin nauyi, ta zo ko sau ɗaya ta tsaya a bayan darni ta yi sallama kawai ta juya, zai gane ta, ba sai kowa ya gan ta ba. Na gyaɗa masa kai, shi da ba ya gani.

'Yan uwana mata, da ma maza, ban rubuto wannan don in kushe aikin zamani ba. Aikin bututun nan gaskiya ne, na ga waɗanda aka yi wa a can suna fita da wuyansu lafiya, wanda ya samu hali kuma likita ya ce ya dace da shi, ya yi. Amma in an ce maka a cire yanzu, kuma wanda ke kusa da kai da wuƙa yake aiki, ka miƙa wuyan. Ciwo ba ya jiran fasfo, ba ya jiran bakansi. Idan murya ta fara dishewa tare da ƙulli a wuya, kada ku ce ƙura ce. Ku tambayi likita me yake tsoro kafin ku tambaye shi tabo. Ku kuma masu duba jikin 'ya'yan mutane, ku sani abin da kuka yi a yini ɗaya yana iya bin mutum har ƙarshen ransa. Ni dai na gane cewa mutanen da na ɓata shekaru ina tsoron idonsu kallo ɗaya suka yi suka wuce, wanda kuma ba shi da abin riƙewa sai muryata, shi na bari a cikin duhu. Ba na jin akwai maganin wannan, likitoci sun gama nasu, shi kuma kullum ƙara nisa yake yi. Jibi Juma'a ce. Zan tsaya a bayan darnin kamar yadda ya roƙa, in tattara duk ƙarfin da ke ƙirjina in yi sallama, sannan in shiga in ajiye masa tuwon a matsayin 'yar aike. Ku sa mu a addu'a.